Wa Ya Ɗauke Mai Walƙiya?

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, na buɗe shagona na gyaran jiki da ke Fadaman Mada na tarar da teburin kusurwa wayam. Na rufe ido na buɗe, wayam dai. Na leƙa ƙarƙashin gadon da kwastomomi ke kwanciya, na leƙa bayan labule, har cikin firij sai da na leƙa, don Allah ku ji hauka. Mai Walƙiya ba ta nan.

Mai Walƙiya na'urar haske ce ta cire gashi da gyaran fata, wadda masu sayarwa ke kira IPL. Matan unguwa ne suka raɗa mata wannan suna, don idan aka ɗora bakinta a fata aka danna, sai ta yi wal kamar hadari ya taso a cikin ɗaki. Hasken nata baƙin gashi yake bi har saiwa, ya raunana shi a hankali, zuwa biyar ko shida sai ki ga wuri ya yi sumul. Ba abin wasa ba ce. Ba kowace fata nake ɗora wa ba, sai na gwada a ɗan wuri na jira kwana biyu, domin fata irin tamu idan aka cika mata ƙarfi ƙonewa take yi. Wata uku na yi a Abuja ina koyon sarrafa ta, kuma ita ta sa amare ke zuwa mini har daga Yelwa.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Makulli kuwa biyu na sani, nawa da na Sa'adiyya, matar da ta yi shekara huɗu tana mini aiki. Bazawara ce mai 'ya'ya biyu, kullum daga Miri take hawo acaɓa ta zo, kuma da wannan aikin take ciyar da su. A ƙofar baya ma silifas ɗinta na aiki ba sa nan, ga sawunsu raɗau a taɓo ya nufi lungu.

To ni Jannatu, Allah ya yi ni da baki mai saurin tashi. Sa'adiyya na dawowa daga wajen mai abinci, ban ko bari ta shigo ba. A bakin titi na tare ta, gaban teloli da mai kemis da masu sayar da kati, na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Ɓarauniya! Shekara huɗu ina cin abinci kwano ɗaya da ke, ashe ɓarauniya nake kiwo!"

Ta dube ni, sai ta sunkuyar da kai. "Anti, ban ɗauka ba," ta ce. Wannan ya ƙara tunzura ni.

Maigidana Muktar ya iso da babbar rigarsa ta Juma'a, ya ji bayani, ya yanke hukunci a tsaye. Gobe Asabar da la'asar, in na'ura ba ta fito ba, Sa'adiyya za ta kwana a ofishin 'yan sanda. Kowa a layin ya san abin da hakan ke nufi. Mace mai shiga ɗakin amare tana taɓa gwalagwalansu, in aka ce ta taɓa kwana a caji ofis kan sata, ta gama aiki a garin Bauci.

* * *

Istifanus mai walda, wanda shagonsa ke kallon nawa, shi ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Madam, ni ban yarda ba. Sa'adiyya bai yi ba. Ka bari in kira Baffa Bakari kafin mutane su tattake wurin."

"Wane ne kuma Baffa Bakari?"

"Mai bin sawu. Shanu kam ko sun kai Ningi zai dawo da su."

"Saniya ka ga na ɓatar?" na ce.

Amma dai ya kira shi, kafin la'asar sai ga keke napep ya sauke wani dogon tsoho siriri, da sanda da malfa, idanunsa ƙanana kamar mai jin barci. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan sama, ni kuwa duk na ƙosa. Sai da ya gama tsaf sannan ya ce a nuna masa inda dabbar take kwana.

"Na'ura ce, Baffa."

"Duk abin da aka kora daga wurin kwanansa, 'yata, da ƙafar wani ya tafi."

Ya duba teburin. A kan ƙurar hoda da ke samansa akwai ɗigo uku, sai ya nuna su da bakin sanda. Na ce masa ai akwatin na'urar yana da ƙafafun roba huɗu, ɗaya ta ɓalle tun bara. Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ido ya ga baƙin tabarau guda biyu a rataye a ƙusa.

"Wannan fa?"

"Na kare ido ne. Ba a kunna ta sai mai yi da wadda ake yi wa sun saka."

"Sa'adiyya ta san haka?"

"Ita ma take saka wa mutane."

"To," ya ce. Wannan "to" ɗin nasa sai da na ji shi ya fi sau hamsin kafin gobe.

Muka fita ƙofar baya. An yi ruwa da safe har wajen sha ɗaya, ƙasar lungun ta yi laushi. Tsohon nan ya tsuguna, ya ajiye malfarsa a gwiwa, ya ƙura wa ƙasa ido har na zaci addu'a yake yi. Can ya kira Sa'adiyya ya ce ta taka gefe ta yi tafiya taku goma. Ta yi. Ya dubi nata, ya dubi wancan.

"Takalmin nata ne," ya ce. "Ƙafar ba tata ba ce."

"Kamar yaya?"

"Duba nan. Mai shigowa da nasa silifa ya zo, ya tsinke masa a taɓo, ga ƙafa tsirara taku uku, diddige duk kaushi. Da zai fita sai ya zura waɗanda ya samu a bakin ƙofa. Sun yi masa yawa, yana jan su. Ga shi kuma taku gajere, ƙafar hagu na buɗewa waje."

Ya miƙe ya bi lungun, mu kuma muka bi shi ɗuu kamar 'yan rakiyar amarya. Bayan taku kamar ashirin ya tsaya ya nuna ƙasa. Ɗigo uku. Muka ƙara ashirin, ɗigo uku kuma.

"Yana ajiyewa yana hutawa," in ji Baffa. "Ɓarawo mai hutu. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Daga nan lungun ya faɗa kan kwalta, sawu ya mutu. Ya tsaya ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce yau kam shi ke nan, gobe zai zo da sassafe. Ni dai har a lokacin ban sauka ba. Na ce a raina Sa'adiyya ce ta ba wani makulli, ta tafi cin abinci don a ce ba ta nan.

* * *

Da safe na ce wa Baffa ni na san wadda ta aiko. Juwairiyya ce, mai shagon gyaran jiki a Yelwa, wadda tun da na kawo Mai Walƙiya take yawo da ni wai ina gasa 'ya'yan mutane. Muka hau keke har can. Baffa bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, ya zauna a bakin kujera yana kallon wata ɗalibar jami'a da aka lulluɓe wa fuska da dilka, ya kau da kai yana istigfari.

Juwairiyya ta ji abin da ya kawo mu, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Ni? Jannatu, ki ji tsoron Allah. Ni da halawa da dilka na gaji sana'ar nan daga kakata. Me zan yi da tocilan ɗinki?"

"Tocilan ɗin da ya kwashe miki amare?"

"Su dawo in sun ƙone."

Baffa ya bar mu muka yi ta yi. Da muka lafa sai ya ce, "Hajiya, jiya da azahar kina ina?"

"Ina nan, amare uku a hannuna, ka tambayi duk layin."

"In ke za ki ɗauki na'urar nan, me da me za ki haɗa?"

Ta yi ɗan tunani. "Ai dole in haɗa da tabarau da man da ake shafawa kafin a ɗora. Wa zai ɗauke ta tsirara? Sai wanda bai san kanta ba." Sai ta ankara, ta ce, "Ba wai na taɓa tunanin ɗauka ba fa!"

"To," in ji Baffa.

Muna fita ta biyo mu har bakin titi wai ita ma za ta zo la'asar, ba za a yi wannan kallo babu ita ba.

Daga nan muka dawo wajen Abdulrauf mai gyaran waya da rediyo, wanda shagonsa ke ƙarshen layinmu. Shi ne ya taɓa canza mini filogin na'urar, kuma tun daga ranar yake roƙona in bar shi ya kwance ta ya ga cikinta. Muna sallama ya tura wani abu ƙarƙashin tebur da ƙafa. Na ce alhamdu lillahi, an kama. Na zagaya na jawo abin da kaina, sai ga kwanon masa da miyar taushe, rabi a cinye.

"Haba Anti Jannatu," ya ce, kunya ta kama shi. "Azumin nafila na ce wa mutanen layi ina yi."

"Ranar Asabar?"

"Shi ya sa na fasa."

Baffa ya yi dariya har malfarsa ta faɗi. Ya sa Abdulrauf ya cire takalmi, sai ga ƙafa fanka-fanka, silifas ɗin Sa'adiyya ko yatsunsa ba za su ɗauka ba. Ya tambaye shi ko wani ya kawo masa maganar na'urar kwanan nan, ya ce babu. Abu ɗaya ya ƙara, wai jiya tun safe babu wuta a unguwar har magariba, duk wanda ya ɗauka in yana son kunnawa sai gidan da ke da sola.

Azahar ta yi, ba mu da komai a hannu. Na hango Sa'adiyya zaune a dakalin shago, ta zo aiki kamar kullum, ta share wurin, ta zauna tana jiran la'asar. Baffa ya je ya tsuguna kusa da ita.

"'Yata, kina zargin wani?"

"Ban ga kowa ba, Baffa."

"Ba gani na tambaye ki ba."

Ta murza bakin mayafinta. "Zato ba shaida ba ne. Gara in kwana a can da in faɗi abin da ba nawa ba."

Na ce ai ga shi nan, ta san abokin aikinta.

* * *

Gidanmu, inda Innata take zaune da iyalin ƙanena, layi biyu ne kawai a bayan shago, tsallaken kwalta. Na ga tsoho ya sha rana tun safe, na ce ya zo mu je ya yi salla ya ci abinci.

Sai in gaya muku wani abu game da ni da Inna. Ni ce 'yar fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce ko "mai shago". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kwance ɗankwali a gabana, ciwo ma in ya kama ta sai dai in ji a bakin ƙannena. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma na saba da ita har ba na lura.

Muka tarar da ita a tabarma ƙarƙashin bishiyar gwanda, ta naɗe haɓarta da mayafi har kunne, idanunta jajir suna ruwa.

"Inna, lafiya?"

"Haƙori," ta ce, ba ta dube ni ba.

"Tun yaushe? A kai ki asibiti mana."

"Ya yi sauƙi."

Baffa ya tsuguna daga nesa suka gaisa, gaisuwar tsofaffi mai tsawo. Matar ƙanena ta kawo kwanon masa da miya. Ni kuwa bakina bai iya zama, na shiga zayyana wa Inna komai, yadda aka ɗauke na'ura, yadda na tona wa Sa'adiyya asiri a titi, yadda Muktar zai kai ta ofishin 'yan sanda da la'asar. Inna tana jan carbi, sai na ga hannunta ya tsaya.

"'Yan sanda?" ta ce.

"Su mana. Can za ta yi bayani."

Baffa ya ci masa uku, ya tashi ya je randa wai zai wanke hannu. Na ga ya daɗe a sunkuye a wurin yana kallon ƙasa, sannan ya sa tafin ƙafarsa ya shafe wani abu a hankali. Ya dawo ya ɗauki sandarsa.

"Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi," ya ce wa Inna. "Ni mai bin sawu ne. A sana'armu in sawu ya kai ƙofa, nan muke tsayawa, ba ma shiga ɗakin mutane. Da la'asar dai za mu taru a shago."

"Allah ya kai mu," in ji Inna, muryarta can ƙasa.

A hanya na ce masa, "Baffa, me ya kawo zancen sana'arku wajen mai ciwon haƙori?"

"Hira ce ta tsofaffi," ya ce.

* * *

La'asar na yi shagona ya cika. Ga Muktar da makullin mota a hannu, ga Juwairiyya ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki, ga Abdulrauf, ga Istifanus a bakin ƙofa, teloli kuma sun bar kekunansu sun yi cirko-cirko a waje. Sa'adiyya na tsaye a jikin bango da 'yar jakarta. Ta haɗo kayan kwana, har da buroshi, na gan shi ya leƙo. Wannan buroshin ya tsaya mini a rai.

Baffa ya zauna a kujerar wanke kai, ya gyara murya, ya fara ba da labarin wata saniya da ya taɓa bi har kwana huɗu. Muktar ya dubi agogo.

"Baffa, lokaci fa."

"To. Hajiyar Yelwa ba ta ɗauka ba, da ita ce da ta haɗa da tabarau. Mai rediyo bai ɗauka ba, ƙafarsa ta wanke shi. Sa'adiyya ba ta ɗauka ba, kuma ba ta aiko ba, don wanda ta aiko ba zai riƙa hutawa duk taku ashirin da kayan sata a hannu ba, tsakar rana."

"To wa ya ɗauka?" in ji Muktar.

"Na ga ƙafa ukun akwatin nan a wani tsakar gida, kusa da randa. Can aka ajiye shi hutun ƙarshe kafin a shiga ɗaki. Ƙofar na sani. Amma ba zan faɗe ta a gaban jama'a ba sai mai shago ta ba ni izini."

"Na ba ka!" na ce. "Faɗi, ko gidan uban waye!"

Ya dube ni da ƙananan idanun nan nasa. "Ki ƙara tunani, 'yata. Makulli biyu ne da gaske?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Makulli na uku, wanda na rataye a ɗakin Inna shekara biyu da suka wuce saboda ko ta-kwana. Randa. Solar da ƙanena ya saka bara. Ƙafar hagun da ke buɗewa waje tun da Inna ta faɗi a bayi. Na nemi bakin gado na zauna. In na yi shiru, Sa'adiyya ta tafi da sunan sata. In na yi magana, na tsayar da uwata a gaban teloli.

Ana cikin haka muka ji ƙwas a waje, an ajiye abu mai nauyi. Can kuma muka ji an ɗauka, taku gajere na matsowa. Mutane suka dare, sai ga Inna, akwatin Mai Walƙiya a hannu ɗaya, silifas ɗin Sa'adiyya a ɗaya hannun, an wanke su fes. Ta dire akwatin a tsakiyar shago tana haki.

"Ga kayanku," ta ce. "Ku ƙyale 'yar mutane."

Muktar ya cire hula ya mayar. "Inna... ai da kin aiko..."

"Kai dai yi shiru, mai 'yan sanda."

Ta sa hannu ta warware mayafin. Haɓarta ta yi baƙi ƙirin da rinin gashi, ga ƙuna huɗu a jere, kowace da siffar bakin na'urar, a tsakaninsu kuma 'yan gashi fari-fari a tsaye, rinin ma bai kama su ba, ko gezau ba su yi ba. Maza suka sunkuyar da kai. Ita kuwa bango take kallo tana magana, don ba za ta dube ni ba.

"Shekara talatin ina tsige su da matsefata bayan asuba, ba wanda ya sani, har marigayi. Bana ido ya ƙi, hannu na rawa. Ran sunan gidan maƙwabcinmu Alhaji Mahfuz wata jikata ta ce a gaban mata, Kaka gemu gare ki. Na tambayi yarinyar nan Sa'adiyya, abin naku yana cin farin gashi? Ta ce a'a, baƙi kawai hasken yake gani. Na ce to ai da sauƙi. Na sayo rini na shafa, na bari maza sun tafi masallaci na zo na ɗauka, da niyyar in dawo da shi kafin a sauko. Na murɗa shi har ƙarshe don a gama da wuri."

"Har ƙarshe!" Juwairiyya ta dafe ƙirji. "Ba tabarau?"

"Na ga taurari da rana tsaka," in ji Inna. "Na danna huɗu, na ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago, na ce a'uzu billahi."

Istifanus ne ya fara, ya toshe baki da tsumma amma dariyar ta ƙwace. Sai Abdulrauf, sai teloli. Inna ma kafaɗunta suka fara rawa. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini wuri guda.

"Inna, shagon 'yarki ne fa," na ce. "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta juya wajen Baffa Bakari kamar shi ya yi tambayar. "Malam, ka ji ta. In buɗe wa wannan haɓata?"

"Ba ya yiwuwa, Hajiya," in ji Baffa da gaske. "Ni ma nawa na fari ko ciwon kai ban taɓa gaya masa ba."

Sa'adiyya ta ajiye jakarta, ta ɗebo ruwan sanyi da auduga, ta zaunar da Inna ta ja labule. Ina jin ta tana cewa rini a saman fata yake zama, shi hasken ya bi ya ƙona ta, gobe a kai ta wajen likita ya duba ƙunar da idon. In ta warke kuma, ita da kanta za ta riƙa zuwa gida duk Alhamis da matsefata, ba wanda zai ji. Juwairiyya ta leƙa ta ce halawa ta fi, a bar mata. Suka fara musu a kan haɓar uwata.

* * *

Da aka watse na sami Sa'adiyya tana mayar da Mai Walƙiya kan teburinta. Na tsaya a bayanta.

"Tun jiya kin sani?"

"Na yi zato, Anti. Da na ga ba a ɗauki tabarau ba, na tuna tambayar da ta yi mini."

"Kika yarda ki kwana a caji ofis?"

"Amana ta ba ni. Kuma uwa ce."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na kama hannunta na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ta yafe. Baffa Bakari yana bakin ƙofa yana ɗaura malfa zai tafi, sai ya juyo.

"'Yata, a ina kika kira ta ɓarauniya?"

"A titi."

"To me ya sa kike ba ta haƙuri a ɗaki?"

Na ja hannun Sa'adiyya muka fita har tsakiyar layi. Ana shirin kiran magariba, masu shaguna na kwashe kaya, 'yan acaɓa sun taru a mahaɗa. Na cika ƙirji na buɗe wannan bakin nawa da ya jawo komai.

"Jama'a ku saurara! Ni Jannatu na yi wa Sa'adiyya ƙazafi! Ba ta ɗauki komai ba! Amintacciya ce, ta fi ni hankali, ni ce mai laifi!"

Mai kemis ya leƙo, teloli suka yi tafi, wani ɗan acaɓa ya danna hon. Na juyo ina haki na dube ta. Hawaye na zuba a fuskarta, ta sa bakin mayafi ta share, ta kalli can ƙarshen layi wajen masu sayar da kati.

"Anti," ta ce, "jiya har su can sun ji ki. Ƙara ƙarfi."